Sharhi: A koya wa yaranmu Ingilishi ta bakin Hausa

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasarmu Nijar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Amma ku leƙa kwalejojinmu nan Yamai: har yau yaro sai ya ratsa ta Faransanci kafin ya isa Ingilishi, kuma a hanyar ne ma'ana ke zubewa.

Ku ɗauki kalmomin halayya. Bafaranshe in ya ce mutum "sympathique" ne, mai fara'a yake nufi, mai daɗin zama. Ɗalibi ya ga "sympathetic" a littafin Ingilishi, ya ɗauka ita ce, alhali wannan mai tausayi ce, wanda ke zuwa yi maka jaje. "Sensible" kuwa rubutunta ɗaya a harsunan biyu: a Faransanci mai saurin jin abu a rai, a Ingilishi mai hankali. Da malam ya faɗi "mai hankali" tun farko, da rikicin bai taso ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne darasin kimiyya. Mu "narke" muke cewa, ko ƙanƙara ce ko sukari. Ingilishi ya raba su biyu, kuma da dalili. Ƙanƙarar da ake sayarwa a zafin Afrilu zafi ne ke mai da ita ruwa da zarar ta wuce digiri 0. Wannan shi ne "melt", haka ma man shanu a kan wuta. Sukarin shayi kuwa bai zama ruwa ba, bajewa ya yi cikin ruwan har ido ya daina ganinsa, wannan "dissolve". Yana nan daram. Masu gishirin Bilma sun fi kowa sanin haka: su bar ruwan gishiri a ramuka, rana ta ɗauke ruwan, gishirin ya fito. Tafiyar ruwan nan ita ce "evaporate", kuma ba sai ya tafasa a digiri 100 ba.

Malamai, don Allah ku shiga aji da kofin ruwa da sukari da guntun ƙanƙara. Ku bar yaro ya faɗi abin da ya gani da Hausarsa, ko Zabarmancinsa, sannan ku ba shi kalmar Ingilishi.