Miki Ya Bushe, Amma Allurar Cizon Kare Da Saura

Jama'a, akwai kuskuren da ake yawan yi bayan cizon kare, kuma yana cin rai. A kai mutum asibiti, a yi masa allura ta farko, a yi ta biyu, da an ga miki ya bushe ya yi ɓawo sai a ce ai ya warke, a daina zuwa.

Warkewar fata ba ta tsayar da cutar haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen. Idan ta shiga jiki sai ta kama jijiyoyi, tana hawa sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Duk tsawon lokacin nan mutum na cin abincinsa, yana zuwa kasuwa, lafiya ƙalau. Cizo a fuska ko wuya ya fi haɗari, don kusa yake da ƙwaƙwalwa.

Ranar da alamu suka fito kuwa, an makara. Zazzaɓi, zogi a gurbin tsohon cizo, sai a miƙa wa mara lafiya kofin ruwa, yana jin ƙishi, amma maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kofin a firgice. Kusan babu wanda ke tashi daga nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

To me za a yi? A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, don minti 15 da tsawo. Kada a barbaɗa toka ko barkono, kada a ƙona gashin karen a shafa. Daga nan sai asibiti, a ranar.

Allurar tana da ranakunta: ranar farko, sai bayan kwana 3, sai bayan kwana 7 da yin ta farko. Idan a tsoka ake yi, akwai ta huɗu tsakanin kwana 14 da 28, wasu asibitocin ma biyar suke yi. Idan cizon ya huda fata, a tambayi likita game da ƙarin allurar da ake yi a cikin mikin kansa. Mai juna biyu da jariri duk ana yi musu.

Mun san kuɗin allurar da na mota suna da nauyi, wani lokaci ma a je a tarar babu. Duk da haka, idan rana ta kuɓuce, kada a ce shi ke nan. A ɗauki kati a koma, daga inda aka tsaya za a ci gaba.

Shi kuma karen, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran sakamako kafin a fara allura. Idan ya mutu, a kira likitan dabbobi, ana iya tura kan karen cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos a gwada.

Iyaye, yaro kan ɓoye cizo don tsoron duka. Ku gaya musu tun yau, ko yakushi kare ya yi musu su faɗa, babu mai taɓa su.