Motar da ba a rubuta a allon tasha ba: lacca kan rajistar aiki a AEM

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka baro inuwa kuka fito cikin ranar nan ta Sakkwato, musamman ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na hango sun cika bayan ɗaki.

Maganar yau ƙarama ce a ido, amma ta taɓa cinye mini kwana biyu cur. Adobe Experience Manager, wadda muke kira AEM, manhaja ce da manyan kamfanoni ke sarrafa shafukansu da hotunansu da ita. Asalinta ta kamfanin Day Software ce na ƙasar Suwizalan, Adobe ya saye shi a 2010, a 2020 kuma aka fitar da wadda ke zaune a gajimare, wato wadda ke gudana a sabobin intanet da Adobe ke kula da su. A cikinta ana jera matakan aiki: marubuci ya gama, edita ya duba, a wallafa. Wata rana sai a ce ka cusa naka matakin, misali duk hoton da aka ɗora a liƙa masa sunan mai shi. Ka rubuta ajinka (class), wato guntun lambar aikin da zai yi wannan mataki, da harshen Java, ka tura, ka buɗe Process Step, inda ake zaɓar matakin da mutum ya rubuta da kansa, don ka zaɓe shi, sai ka tarar babu shi babu dalilinsa.

A nan ne yawancinmu muke ɓata. Sai mutum ya koma yana ta tonon abin da ya rubuta cikin execute, ɓangaren ajin da ke yin ainihin aikin, alhali ba a ma kira shi ba tukuna. Ku tuna tashar mota. Direba ya zo da mota lafiyayya, ya sha mai, ya wanke ta tas. In ɗan kamasho bai rubuta lambarta a allo ba, zai wuni yana kallo ana lodin Gusau da Birnin Kebbi, shi ba wanda zai kira. Buɗe inji ba zai amfane shi da komai ba. A AEM ɗan kamashon nan shi ne OSGi, tsarin da ke rajistar sassan manhajar, wanda manhajar Apache Felix ke gudanarwa, kuma tambayar farko ita ce: ya rubuta ni?

Rubutawar tana son abu biyu a saman aji. Alamar @Component ta bayyana cewa hidimar WorkflowProcess ce, sannan a ba ta laƙabi da process.label, domin wannan laƙabin ne sunan da edita zai gani a jerin zaɓi. Ni duka biyun na sa, a wani aiki da na yi wa wani kamfani daga nan gida. Abin da ban lura ba shi ne alamar Component iri biyu ce: tsohuwa ta Felix, da sabuwa ta OSGi kanta. Na kwafo tsohuwar daga wani daɗaɗɗen aiki, na'urar harhaɗa aikin kuma, wato bnd, sabuwar take karantawa. Ginin ya wuce lami lafiya, ko tari bai yi ba. Sai a dare na biyu na farke fayil ɗin jar, wato ƙunshin da ginin ya fitar, na leƙa babban fayil na OSGI-INF, inda ya kamata a ce akwai ƙaramar takardar XML mai sunan ajina, na ga wayam. Tun daga ranar, can nake fara dubawa, ba ya cin minti ɗaya.

In takardar tana nan, sai ku dubi damin (bundle) gaba ɗaya, wato jar ɗin nan da aka ɗora a AEM. Damin da ya tashi aiki ana rubuta masa Active. In kun ga Installed, to ya shigo tasha amma yana neman wani ɗakin karatu na Java (library), wato tarin lambar aiki da yake dogaro da shi, da bai samu ba, duk abin da ke cikinsa kuma kwance yake. A kwamfutarku, inda kuke gwaji a ƙofa ta 4502, shafin /system/console/bundles zai nuna muku abin da ya rasa da jan rubutu. A gajimare an rufe wannan ƙofa. Sai dai ku shiga Cloud Manager, ku buɗe Developer Console, ku jawo rahoton dammuna da na sassa, wato ajujuwan da ke ɗauke da alamar @Component. Na ga mutane da dama sun tsaya a nan suna cewa ba a ba su izini ba, alhali hanyar ce ta sauya.

Dami na iya tashi, sashe ɗaya a cikinsa ya ƙi. Ko dai ya nemi wata hidima da @Reference ba ta zo ba, ko yana jiran saiti, saitin kuma an ajiye shi a config.publish maimakon config.author, ɓangaren da editoci ke aiki. Kundin kurakurai, aemerror, yakan faɗi wannan ƙarara, in an daure an karanta shi daga lokacin da sabar ta tashi.

Akwai kuma wanda yake ba ni tausayi, mai cewa "wallahi a kwamfutata yana aiki". Gaskiya ya faɗa. Amma a gajimare /apps da /libs a kulle suke, ba ka ɗora lambar aiki ta Package Manager yadda aka saba da. Dole ta bi ta Git, ma'ajiyar lambar aiki, ta bi bututun Cloud Manager (pipeline), wanda ke gina ta ya ɗora. Don haka ku tabbatar reshen Git da kuka tura shi ne bututun ke ɗauka, kuma ƙunshin all, wanda ke tattara komai don ɗorawa, ya goya damin core, inda ajinku na Java yake. In bai goya shi ba, motarku tana gareji kuna nemanta a tasha.

Na ga hannu can baya. Na'am, ƙanwata.

Ta ce sunan ya fito, ta zaɓa, amma aiki in ya zo wurin sai ya tsaya cik. Madalla da tambaya. Ke rajistarki ta yi, matsalar ta koma gaba. Tsarin matakan nan yana da kwafi biyu: wanda kike gyarawa yana ƙarƙashin /conf, wanda ke gudana kuma yana /var/workflow/models. In ba ki danna Sync ba, tsohon ne ke ta aiki. Sannan ki duba ko kin sa alama a Handler Advance, domin in babu ita, matakin ba zai miƙa aikin ga na gaba da kansa ba. Abu na uku, tsarin yana ajiye cikakken sunan ajin ne, ba laƙabin ba, don haka in kin sauya wa ajin suna ko kin mayar da shi wani ƙunshi, sai kin koma kin sake zaɓensa.

An yi mini alamar kiran la'asar ya kusa. Wanda ya zo da kwamfutarsa ya same ni nan bayan sallah, mu farke jar ɗinsa tare mu ga ko takardar tana ciki. Wassalamu alaikum.