Matan kifin beta a tanki ɗaya: ranar haɗa su ake yin kuskure

Assalamu alaikum jama'a. Tun da bidiyon nan ya fara yawo a TikTok da WhatsApp, wanda ake nuna kifaye jajaye da shuɗɗa suna ta shawagi tare lafiya lau, tambaya ɗaya ke ta shigo mini daga nan Gombe: wai da gaske ne matan beta ba sa faɗa? Suna yi. Akwai wata mace a tankina, jelarta ma 'yar'uwarta ce ta yayyage ta.

A gurguje, asalin wannan kifi ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta irin su Kambodiya, cikin gonakin shinkafa da fadamu marasa zurfi. Tun da can don faɗa ake kiwonsa, kuma a 2019 Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Kun taɓa ganin yadda beta ke leƙowa saman ruwa ta haɗiyi iska? Haka halittarsu take, don haka kada ku cika tanki taf. Ku sa murfi kuma, suna tsalle.

To mu zo kan inda ake faɗuwa. Mutum zai sayo mace ɗaya, ta yi makonni ita kaɗai, sai tausayi ya kama shi ya ce bari in kawo mata ƙawa. Ba ƙawa ka kawo mata ba, kishiya ka yi mata, kuma a ɗakin da ta riga ta shimfiɗa kayanta. Biyu ita ce adadi mafi haɗari, domin mai ƙarfi ba ta da wadda za ta kora sai wannan ɗayar, safe da yamma, har ta hana ta abinci. Uku ma ba ta tsira ba.

Masu kiwo da suka daɗe a harkar suna farawa ne da biyar zuwa sama, cikin tankin da bai gaza lita 75 ba, mai tsawo, ba mai zurfi ba. Dalili shi ne idan suna da yawa, fitinar babbar tana rarrabuwa, ba ta tarewa a kan guda.

Yanzu ga yadda nake shirya tanki. Kafin kifi ko ɗaya ya shiga, na cika tankin da tsirrai da fasassun tukwanen ƙasa da na goge bakinsu. In ka tsaya a wannan gefe kana hango wancan gefen sarai, to maɓoya ba ta isa ba. Wadda ake kora tana buƙatar ta sha kwana ta ɓace wa mai binta. Sannan a sake su gaba ɗaya, lokaci guda, masu girma kusan ɗaya. In akwai tsohuwa a ciki, a fitar da ita tukuna, a sauya wa komai wuri, sai a mayar da ita tare da baƙin.

Ku yi wannan aikin da safe, ranar da kuke gida. Za ku ga ana buɗe kumatu, ana ɗan kore-kore, wannan neman shugabanci ne kuma yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a bari shi ne a ga wata ta maƙale a kusurwa, launinta ya koɗe, zane ya fito mata a kwance daga kai zuwa jela. Tsoro ne. A ware mai cizon nan take, shi ya sa nake cewa kada a fara sai da wani tanki a ajiye.

Akwai kuma tarkon da ke kama har masu sayarwa. Wani namijin gajeren fiffike gare shi, kamar mace sak. Ku duba ƙarƙashin ciki, mace tana da ɗan farin ɗigo inda ƙwai ke fita. Amma wasu ƙananan maza ma suna nuna shi, don haka in kun ga guda ya girma yana tara kumfa da yawa a saman ruwa yana korar kowa, ku ware shi ku sake dubawa.

Sauran kuwa, filta, wato na'urar tace ruwa, ta yi makonni tana aiki kafin a zuba kifi. Ruwan famfo a sa masa maganin cire kulorin. Abinci kaɗan, kuma suna son tsutsar sauro ƙwarai. Ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Daren hunturu a lulluɓe tankin in babu wutar hita, a zafin Maris da Afrilu kuma a nisanta shi da taga.

Ni a ganina, in yau ka fara, ka ɗauki mace ɗaya ka ba ta lita 20 ita kaɗai. Ba ta kewar kowa, za ta saba da kai har ta riƙa tarar ka a bakin gilashi lokacin abinci, kuma da kulawa za ta iya kai shekara uku.