Lacca: Yadda RNA Take Dunƙule Hannu a Kan Sinadari

To jama'a, a ɗan rage surutu a baya can. Abu uku na shirya, mu gani ko lokaci zai bari.

Ribosuwic makunni ne, amma na RNA. Muna ɗalibai an koya mana cewa RNA 'yar aike ce, ta ɗauko saƙo daga DNA ta miƙa, furotin kuwa shi ne mai lura da komai. Sai a 2002 ɗakin binciken Ronald Breaker a Jami'ar Yale, da na Evgeny Nudler a birnin Niyok, suka nuna cewa a bakteriya akwai wani yanki a goshin saƙon RNA, kafin a kai inda aka rubuta furotin, wanda da kansa yake kama ƙaramin sinadari, irin su bitamin, ya kashe ƙwayar gadon ko ya kunna ta. Babu furotin a tsakani. Kashi biyu gare shi, mai kamawa da mai zartarwa.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, furotin yana da amino asid 20 da zai gina aljihu da su, RNA kuwa baƙaƙe 4 ne kacal: A, U, G, C. Da baƙi huɗu ta yaya za ka bambance sinadarai biyu masu kama kamar an tsaga kara? Amsar tana cikin siffa, yadda zaren yake naɗewa ya yi tsawo da faɗi da zurfi.

Na farko ke nan, makunnin guwanin, wato sinadarin da baƙin G yake wakilta. Wannan ne nawa, ku yi haƙuri da ni. A 2004 Robert Batey a Kolorado ya fitar da siffarsa daga bakteriyar Bacillus subtilis, a shekarar kuma ɗakin Dinshaw Patel ya fitar da na guwanin da na adenin, wato sinadarin baƙin A. Yadda ake yi, sai an sa RNA ta daskare ta zama kiristal, a haska mata irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a lissafa mazaunin kowane atam daga yadda hasken ya watse. A baki da sauƙi. Wanda ya taɓa jiran kiristal wata da watanni ya san ba haka ba ne. [dariya]

Ku dubi allo. Sanduna uku ne murɗaɗɗu, P1, P2, P3, sun haɗu a mararraba. Biyu daga ciki sun miƙe kafaɗa da kafaɗa, kawunansu sun sarƙe a sama, sun riƙe juna. A tsakiyar mararrabar nan guwanin yake zaune. Kuma ba zaman bakin ƙofa ba, a binne yake, kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa a rufe, ko ruwa ba ya taɓa shi. To ta ina ya shiga? Ku tambayi kanku, ta ina ya shiga? Ai ka ga ba maganar kwaɗo da mabuɗi ba ce. Ɗaga hannunka, kai mai jar riga. Buɗe. To sa alli a tafin, dunƙule. Yawwa. Haka take yi: sinadarin ya shiga tukuna, sannan wani ɗan zare tsakanin P2 da P3 ya rufo kansa kamar murfi.

Ga inda nake so. A matsayi na 74 cikin jerin baƙaƙen zaren RNA akwai baƙi ɗaya. In C ne, yana haɗa ɗaurin haidurojin 3 da guwanin, irin haɗin da kuka sani a DNA. In U ne, adenin yake kamawa. Baƙi ɗaya! Sauran ginin kusan duk ɗaya ne. An gwada, an canza C ɗin zuwa U, makunnin ya saki guwanin ya koma bin adenin. Na sha koyar da wannan, har yau ban daina mamaki ba. Baƙi ɗaya, jama'a.

Kuma rufewar murfin ita ce hukuncin. Da ya rufe, sandar P1 ta ƙarfafa, zaren da ke cikinta ba zai samu ya haɗu da wani na gaba ba, sai ƙullin tsayawa ya kafu, injin kwafar RNA ya sauka daga hanya. Guwanin ya wadata, a daina ƙera shi.

Kai, lokaci! Na biyu... ko na uku ne? Na biyu. Makunnin TPP, wato bitamin B1 da aka sarrafa, siffarsa ta fito a 2006. Hannu biyu gare shi, ɗaya ya riƙe kan sinadarin, ɗaya ya riƙe wutsiyar fosfet. Matsalar ita ce RNA cajinta nagatif ne, fosfet ma haka, kamar fuskokin maganaɗisu iri ɗaya, turin juna suke. Sai ta ɗauko maganiziyam mai cajin fozitif ta sa a tsakani. Na fuloraid ma, wanda aka ga siffarsa a 2012, maganiziyam 3 ne suka kewaye fuloraid ɗaya. TPP ɗin nan har a tsirrai da fangas ana samunsa. Akwai kuma makunnin glmS da ke yanke kansa, wannan sai wani zaman.

Na ga hannu. Bismillah, Malama.

[Wata ɗaliba: Malam, tunda na bakteriya ne, ba za a iya yin magani da shi ba?]

Madalla, kin ƙwace mini na ukun. Ba a gano irin waɗannan makunnan a jikin ɗan Adam ba, don haka wuri ne mai kyau na hari. Bakteriya ma sun riga mu: Streptomyces davawensis tana ƙera rosiyofilabin, mai kama da bitamin B2. Abokiyar gaba ta haɗiye shi, ya shige aljihun makunnin FMN, wato bitamin B2 da aka sarrafa, ta ɗauka bitamin ya ishe ta, ta kashe masana'antarta da hannunta. A 2015 masu bincike a kamfanin Merck suka ba da rahoton ribosil, wanda bai yi kama da bitamin ɗin ba sam, amma ya dace da aljihun. Sai dai ki tuna darasin 74: baƙi ɗaya ya canza a aljihun, maganin ya daina kamawa, kuma an ga bakteriya masu turjiya ga ribosil ta wannan hanyar a ɗakin gwaji. Ana ɗaga mini agogo. Ki same ni a waje in nuna miki hoton FMN ɗin, siffar malam-buɗe-littafi gare shi.