Sayen Gida a Ingila: Abin Yi Idan Sarƙa Ta Cije Kafin Musayar Kwangila

Assalamu alaikum jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Bidiyon yau na masu sayen gida ne ko sayarwa a Ingila da Wales, musamman wanda ya taya gida aka sallama masa, ya ɗauki lauya, banki ya yarda zai ba shi bashi, amma ga wata uku ga wata huɗu, duk ranar da ya kira sai a ce masa ana jiran sarƙa.

Mu fara da abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai. A gida, idan ka taya aka sallama, aka kira shaidu, ka ajiye kafin alƙalami, magana ta ƙare, wanda ya janye shi ke da kunya. A Ingila sallamar baki ba ta ɗaure kowa. Dokar da aka yi a 1989 ta ce cinikin gida ko fili ba ya tabbata sai an rubuta shi an sa hannu, kuma yadda ake yi shi ne lauyan mai saye da na mai sayarwa su yi musayar kwangilar da kowane ɓangare ya sa wa hannu. Kafin wannan ranar, mai gida yana iya sayar wa wani da ya ƙara kuɗi, mai saye yana iya zuwa ana gobe musaya ya ce sai an rage masa, kuma kowa yana iya cewa ya fasa ba tare da ya biya ɗaya ko kwabo ba. Kuɗin lauya da na duba lafiyar gida da ka kashe sun tafi ke nan. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce kusan ciniki ɗaya cikin uku yana rushewa a hanya, wanda ya kai gaci kuma yakan ci kusan wata biyar. A Skotland tsarin daban ne, can ana ɗaurewa da wuri, don haka wannan bayanin bai shafe su ba.

To mece ce sarƙar? Bari mu ɗauki misali. A ƙasa akwai mai haya a Manchester da zai sayi gidansa na farko. Masu sayar masa mata da miji ne da 'ya'ya suka yi musu yawa, ba za su iya sayen babban gida ba sai da kuɗin wannan ƙaramin. Wanda zai sayar musu da babban dattijo ne da ke son komawa gidan ƙasa marar bene. Gidan ƙasan kuwa na wata tsohuwa ce da ta rasu, magada ne ke sayarwa. Gida uku, iyali huɗu, lauyoyi huɗu, bankuna biyu ko uku, kuma dole duka su yi musaya a rana ɗaya, su amince da ranar miƙa makulli ɗaya. Tafiyar ayari ce, raƙumin da ke ɗingishi shi ke yanka wa kowa sauri. Lauyanka yana iya gama komai tun wata biyu da suka wuce, amma idan magadan can sama ba su samu takardar izinin raba gado daga kotu ba, babu inda za ka.

Saboda haka abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, kada ku yarda da amsar “ana jiran sarƙa”. Wannan ba amsa ba ce. Tambayar da za ka yi ita ce: wane gida ne a sarƙar bai shirya ba, wace takarda ake jira, a hannun wa take, yaushe aka nema, yaushe aka ce za ta fito? Wanda ya fi dacewa ka yi wa tambayar kuma dillalin gidan ne. Lauyanka da lauyan da ke kusa da shi kawai yake magana, ƙa'idar aikinsa ma ba ta ba shi damar kiran wanda ke da nasa lauyan ba. Dillali kuwa yana iya kiran dillalan sama da na ƙasa duka, kuma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya kammala, don haka shi ma yana da abin da yake gudu. Manyan ofisoshin dillalai suna da ma'aikaci da aikinsa ke nan, bin diddigin ciniki. Ka nemi sunansa, ka roƙe shi ya rubuto maka jerin sarƙar daga ƙasa zuwa sama, da matsayin kowa. Ka tsayar da rana ɗaya a mako da za ka riƙa tuntuɓa, ta imel, don maganar ta zama a rubuce. Kira sau uku a yini ba ya sa takarda ta fito, sai dai ya sa a daina ɗaga wayarka.

Idan aka tona, abubuwan da ke riƙe ciniki kusan kullum su ne dai waɗannan. Akwai binciken da ake nema daga ƙaramar hukuma a kan gidan, ko akwai titin da za a fasa ta wurin, ko an yi gini ba izini. Wata ƙaramar hukumar takan amsa cikin kwana goma, wata sai ta haura wata guda. Akwai tambayoyin da lauyan mai saye ke aika wa na mai sayarwa bayan ya karanta fam ɗin TA6, inda mai gida ke bayyana abin da ya sani game da gidansa. An rushe bango tsakanin falo da kicin, ina takardar amincewar hukumar gine-gine? An canja tagogi, ina shaidar? Tambaya ɗaya irin wannan tana iya cin mako uku. Sau da yawa kuma maganinta inshora ce ta kuɗi kaɗan da ake saya sau ɗaya don ta rufe wannan giɓin, idan bankin mai saye ya yarda. Ka tambayi lauyanka ko hakan zai yiwu, amma kada ka yi gaban kanka ka kira hukumar, domin da zarar an sanar da ita matsalar, kamfanin inshora yakan ƙi bayarwa.

Wanda ya fi duka cin rai shi ne fulat, wato gida a cikin bene wanda ake saye na wa'adin shekaru, ƙasar kuma ta wani ce. Nan dole sai kamfanin da ke kula da benen ya cika fam ɗin LPE1, ya faɗi kuɗin hidima da na ƙasa da gyaran da ke tafe. Mai sayarwa ne ke biya, kamfanin kuma ba ya sauri don ba shi da riba a cinikin. Idan shekarun da suka rage a wa'adin sun gangaro kusa da 80, bankuna sukan fara ɗari-ɗari. Tun bayan gobarar benen Grenfell a Landan a Yunin 2017 kuma, dogayen benaye suna da ƙarin tambayoyi kan abin da aka lulluɓe bangonsu da shi, har aka fito da fam ɗin EWS1, na tantance haɗarin gobara a bangon waje, a ƙarshen 2019. Fulat ɗaya a tsakiyar sarƙa ya isa ya tsayar da gida biyar.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye, kuma ina roƙon ku saurara da kyau, domin a nan mu ne kan zama masu riƙe sarƙar. Doka ta wajabta wa lauya ya tabbatar da inda kuɗin kafin alƙalaminka ya fito. Ba ya wadatar ya ga kuɗin a asusu, sai ya ga hanyar da suka biyo. Idan Baba ne ya sayar da fili a Kano ko Maraɗi ya turo maka, za a nemi takardar cinikin filin, da bayanan asusunsa na banki, da katin shaidarsa, da wasiƙar da ya sa wa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba, kuma ba shi da haƙƙi a gidan. Idan kuɗin sun biyo ta hannun ɗan canji, naira ta shiga wani asusu a can, fam ya fito daga asusun wani da ba ka sani ba a nan, to lauya zai tsaya cak, kuma yana da gaskiya a doka. Haka kuɗin adashi da aka kwasa aka zuba tsaba a banki. Halal ne, guminka ne, amma sai an nuna su waye 'yan zubin, nawa ake zubawa, da shaidar fitar naka zubin wata-wata. Ka gaya wa lauyanka wannan tun ranar farko. Mai tsarin sayen gida na Musulunci, inda banki ke sayen gidan ku yi tarayya kana biyan haya kana sayen kasonsa a hankali, shi ma ya ƙara wa lissafinsa lokaci, domin galibi bankin yana da nasa lauyan da zai duba komai daban.

Yayin da kake jira, akwai wa'adodin da ke ƙarewa a bayanka. Babba shi ne tayin bashin banki, wanda yawanci wata uku zuwa shida yake yi. Ka duba ranar da naka zai mutu, ka rubuta ta inda za ka riƙa gani. Idan saura wata guda ba a yi musaya ba, ka sa dillalin bashinka ya nemi ƙarin lokaci tun kafin ranar ta zo. Waɗanda tayinsu ya mutu bayan ƙaramin kasafin kuɗin da gwamnatin Birtaniya ta gabatar ranar 23 ga Satumbar 2022 sun ga abin da ake gudu, domin bankuna sun janye ɗaruruwan tsare-tsaren bashi cikin 'yan kwanaki, sabon kuɗin ruwa kuma ya tashi sosai. A wannan zaman jiran kada ka ɗauki mota bashi, kada ka buɗe sabon katin bashi, kada ka canja aiki ba ka sanar ba, don banki yana iya sake duba ka kafin ya saki kuɗi. Binciken ƙaramar hukuma shi ma bankuna da yawa ba sa karɓarsa idan ya wuce wata shida. Mai asusun Lifetime ISA, wato asusun tarin kuɗin sayen gidan farko, ya sani cewa idan aka ciro kuɗin zuwa hannun lauya, kwana 90 ake da shi a kammala cinikin, in ba haka ba sai a nemi ƙari ko a mayar. Harajin sayen gida ma yana iya canjawa kana tsakiyar jira: daga 1 ga Afrilun 2025, adadin kuɗin gida da ake yafe wa masu sayen gidan farko haraji a kansa a Ingila ya sauko daga fam 425,000 zuwa 300,000, waɗanda sarƙarsu ta tsallaka wannan ranar kuma wasunsu sun biya dubbai da ba su shirya ba.

Mai haya kuwa, don Allah kada ka ba mai gidanka sanarwar tashi sai an yi musaya. Na fi son ka biya hayar wata ɗaya a banza da ka tsinci iyalinka da kaya a titi saboda wani da ba ka taɓa gani ba ya fasa sayar da gidansa.

Idan jiran ya yi yawa fa? Kana iya sa wa'adi, ka ce idan ba a yi musaya zuwa rana kaza ba za ka janye. Yana aiki wani lokaci, musamman idan sakaci ne ya riƙe abin. Amma idan kotu ake jira ko kamfanin kula da bene, barazanarka ba za ta kai kunnensu ba, sai dai ta tsorata mai sayar maka ya mayar da gidan kasuwa. Kada ka faɗi abin da ba za ka aikata ba. Abin da ya fi amfani shi ne a katse sarƙar. Wani a tsakiya ya yarda ya sayar ya koma haya ko gidan 'yan'uwa na ɗan lokaci, waɗanda ke ƙasa kuma su haɗa masa wani abu na kuɗin hayar. Idan gyara ne ya kawo gardama, a ce rufi na fam 4,000, iyalai huɗu su raba shi ya fi kowa ya yi asarar abin da ya riga ya kashe, dillalai kuma sun saba shirya irin wannan. Akwai bashin wucin gadi da ke ba ka damar saye kafin ka sayar, amma kuɗin ruwansa wata-wata ake lissafawa, za ka kuma biya ƙarin harajin gida na biyu, kashi 5 cikin 100 a Ingila, wanda sai ka sayar da tsohon cikin shekara uku za a mayar maka. Ni ban ba kowa shawararsa ba sai wanda ke da mai saye tabbatacce. Idan kuma ka tabbata lauyanka ne ke barci a kan takardunka, ka rubuta koke ga ofishinsu. Suna da mako takwas su amsa, daga nan kana iya kai ƙara ga Legal Ombudsman, ofishin da ke sauraron koke a kan lauyoyi. Canja lauya a tsakiyar tafiya yakan ƙara jinkiri, sai in babu makawa.

Ranar musayar kanta ta waya ake yi. Lauyan da ke ƙasan sarƙa ya ba na sama da shi izini har zuwa wani ƙarfe na ranar, shi ma ya ba na sama, har a kai ƙarshe, sannan a dawo ƙasa ana tabbatarwa ɗaya bayan ɗaya. Idan lokacin ya cika ba a samu mutum ɗaya a waya ba, sai a sake daga farko washegari. Don haka wayarka ta kasance a hannu, domin lauyanka zai nemi amincewarka a ranar, kwangilar da ka sa wa hannu ta riga ta isa ofishinsa, kuɗin kafin alƙalami kuma sun riga sun zauna a asusunsa. Bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ne, kuma a sarƙa na ƙasa ne ke hawa sama. Idan gidan farko fam 180,000 ne, 18,000 za su hau, alhali gida na biyu mai 300,000 yana neman 30,000. Ko dai a cike giɓin, ko a sasanta a karɓi abin da ya samu, kuma wannan magana ce da ya kamata lauyoyi su gama tun mako guda kafin ranar. Kafin ka tura ko fam ɗaya, ka kira ofishin lauyan ta lambar da ka sani tun farko ka tabbatar da lambar asusu, domin 'yan damfara suna aiko imel da sunan lauya cewa an canja asusu, sun kuma fi yin haka a irin wannan ranar da kowa ke cikin gaggawa.

Da zarar an yi musaya, an ɗaure. Mai sayen da ya kasa kammalawa za a ba shi sanarwar kwana goma na aiki, in ya gaza ya rasa kashi 10 ɗin gaba ɗaya ko da ƙasa da haka ya ajiye, kuma ana iya bin sa diyya. A mafi yawan kwangiloli alhakin ginin yana dawowa kan mai saye daga ranar, don haka inshorar gidan ta fara aiki a ranar musaya, ba ranar karɓar makulli ba. Idan an ba ku zaɓi, ku bar mako ɗaya ko biyu tsakanin musaya da miƙa makulli, ku kuma kauce wa Juma'a in zai yiwu. Ita ce ranar da kowa ke so, motocin kwasar kaya sun fi tsada, kuma idan kuɗi suka maƙale tsakanin bankuna da yamma, sai Litinin.