Matar da ta yi shekara 110: labarin Alice Herz-Sommer, uwa kuma malamar fiyano

Jama'a barkanku da wannan lokaci. Yau za mu leƙa rayuwar wata baiwar Allah 'yar ƙasar Cek, Alice Herz-Sommer, wadda aka haifa a birnin Prag ranar 26 ga Nuwamba 1903, ta rasu a Landan ranar 23 ga Fabrairu 2014. Ku lissafa da kanku, shekara 110 kenan cif har da ɗoriya.

Lokacin da aka haife ta babu ma wata ƙasa mai suna Cekoslobakiya, Prag tana ƙarƙashin daular Austiriya da Hangari ne, sai a 1918 aka kafa ƙasar, kuma tana raye har ƙasar ta rabe biyu a 1993. Iyayenta Yahudawa ne masu magana da Jamusanci, kuma 'yar tagwaye ce, abokiyar haihuwarta sunanta Mariana. Gidansu gida ne na 'yan boko da masu kiɗa, marubuci Franz Kafka ma yana shiga gidan saboda abokinsa ne ya auri yayarta Irma. Irma ɗin ce ta fara ɗora mata yatsu a kan fiyano tun tana ƙarama.

Ta girma ta zama makaɗiya ana zuwa kallonta, tana kuma koyar da yara. A 1931 ta auri Leopold Sommer, a 1937 Allah ya ba su ɗa namiji, shi kaɗai ta haifa.

To sai 1939, sojojin Hitla suka mamaye Prag. 'Yan uwanta mata suka samu suka fice zuwa Falasɗinu, ita kuma ta tsaya saboda mahaifiyarta ta tsufa ba ta da lafiya, ba yadda za a yi ta tafi ta bar ta. Aka hana Yahudawa yin wasa a bainar jama'a, sana'arta ta tsaya cak. A 1942 aka kwashi mahaifiyar tata aka tafi da ita, ba ta sake ganinta ba har abada. A cikin wannan baƙin cikin ne ta zauna ta haddace darussan fiyano 24 na Chopin, shahararren mai tsara kiɗa, waɗanda ko ƙwararrun makaɗa suna jin jiki a hannunsu, tana bugawa awa da awanni kullum don kar hankalinta ya gushe.

Watan Yuli 1943 aka zo kansu, ita da mijin da yaron mai shekara shida, aka kai su sansanin Terezin, kamar kilomita 60 arewa da Prag. Wannan wuri fa akwai yaudara a cikinsa, 'yan Nazi, wato mutanen Hitla, sun mayar da shi wurin nuna wa duniya wai suna kula da Yahudawa, shi ya sa suka bari ana kiɗa ana wasan kwaikwayo, har a watan Yuni 1944 suka kawo wakilan Red Cross suka zagaya da su bayan an yi wa wurin fenti an share, alhali yunwa da cuta sun kashe mutum kusan 33,000 a ciki, kuma jiragen ƙasa suna ta kwasar sauran zuwa Auschwitz, sansanin da ake yi wa Yahudawa kisan kiyashi. A nan Alice ta yi wasa fiye da sau 100 a gaban fursunoni masu jin yunwa, ita ma cikinta babu komai. Yaron nata kuma aka saka shi a wasan waƙar yara da ake yi a sansanin.

Mijin an ɗauke shi a 1944, aka kai shi Auschwitz, daga nan sansanin Dachau da ke Jamus, can ya rasu. Ita da ɗanta suka fito da rai a watan Mayu 1945, kuma cikin dubban yaran da suka bi ta Terezin kaɗan ne ƙwarai suka tsira.

Yawanci nan ake tsayawa da labarinta, ni kuma a ganina an rage mata, domin zaman sansanin bai kai shekara biyu ba, aikin malanta kuwa shi ya cinye rayuwarta. Ta koma Prag ta tarar babu gida, 'yan gurguzu suka karɓe mulki a 1948, a 1949 ta ɗauki ɗanta suka bi 'yan uwanta zuwa Isra'ila. Mace mai shekara 45, bazawara, ga sabon yare sai ta koya daga farko. Ta samu aiki a makarantar koyon kiɗa ta Birnin Ƙudus, ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa, ɗalibi ya zo ya tafi wani ya zo, ita tana nan a gefen fiyano tana gyara musu yatsu, da wannan albashin ta raini yaron. Ba ta sake aure ba.

Yaron, wanda ya koma amsa sunan Raphael, ya zama gwanin cello, wato babban gogen nan na Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ya yi karatu a Faris, ya zauna a Ingila shi ma yana koyarwa. Saboda shi ne a 1986, tana da shekara tamanin da 'yan kai, ta sake tattara kayanta ta koma Landan, ƙaura ta biyu kenan a shekarun da wasu ko ɗaki ba sa son sauyawa. Ta kama wani ɗan ƙaramin ɗaki mai lamba 6 a unguwar Belsize Park, maƙwabta suka saba da jin kiɗa kullum da safe, awa uku take yi, tana zuwa iyo har ta haura casa'in, tana zuwa ajin tsofaffi tana sauraron darasin falsafa. Da yatsunta biyu suka ƙage sai ta sake koyon kiɗan da takwas ɗin da suka rage.

A 2001 Raphael ya rasu kwatsam yana da shekara 64, ya je yin wasa a Isra'ila jijiyar jini ta fashe masa. Ɗan da ta fitar daga Terezin, ita ta ga mutuwarsa tana da shekara 97. Ta ƙara shekara 12 bayansa, jikokinta biyu maza suna leƙo ta, masu ɗaukar fim suna ta sintiri a ɗakin, kuma ɗaya daga cikin finafinan da aka yi a kanta ya ci kyautar Oscar mako ɗaya bayan rasuwarta.