Jawabin Maraba ga Mai Girma Wakilin Najeriya na Dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya, Daga Malamai Masu Nazarin Hulɗar Ƙasashe a Kano

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Aikinka a Niyok sananne ne, ba sai mun tsaya lissafi ba. Allah ya ƙara girma.

Buƙatarmu guda ce, da ita za mu fara: a sa sunayen 'ya'yanmu cikin ƙwararrun da ke bin diddigin takunkumin Kwamitin Sulhu.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin inda takunkumin nan ya fi sauka. Somaliya tun 1992, sai Kongo, Sudan, Libiya, Afirka ta Tsakiya, Sudan ta Kudu. Kusan kowanne yana da 'yar tawagar ƙwararru da Babban Sakatare ke naɗawa, wani kan makamai, wani kan kuɗi, wani kan ma'adinai. Rahotonsu ne jakadu ke dubawa kafin a rufe asusun mutum ko a hana shi tafiya. Ƙasashen namu ne, amma alƙalamin sau da yawa yana hannun baƙo mai jiran tafinta.

Mu kuwa ba baƙin wannan fage ba ne. A nan garin aka haifi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya riƙe kujerar da kake kai, ya kuma shugabanci kwamitin Majalisar na yaƙi da wariyar launin fata. Janar Joseph Garba da Farfesa Ibrahim Gambari su ma sun riƙe shi. Sau 5 Najeriya tana zama a Kwamitin Sulhu. Waɗanda suka matsa wa duniya lamba kan Afirka ta Kudu, yau a ce jikokinsu ba su isa ƙidaya bindigogi ba?

Mun kuma ɗanɗana. Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ta Sahara suka gangaro. Boko Haram ta shiga jerin takunkumi a 2014. Da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar nata a 2023, 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi ne suka fara ji a jika. Muna da masu jin Hausa, Barbarci, Fulatanci da Larabci, lauyoyi da tsofaffin jami'an kwastan, waɗanda suka san yadda kuɗi ke tafiya ba ta banki ba.

Don haka, ranka ya daɗe, duk lokacin da sakatariyar Majalisar ta nemi ƙasashe su ba da sunaye, a turo sanarwar jami'o'i da wuri. In aka miƙa sunan, ofishinka ya bi shi, ka kuma haɗa kai da wakilan Afirka uku da ke Kwamitin. Horo kan rubuta irin wannan rahoto ma muna so, amma wannan zai iya jira. Sunayen ne ba za su jira ba, kuma ga takardun mutanenmu, maza da mata, a hannun shugaban kwamitinmu. Muna roƙo ka tafi da su yau.

Allah ya mai da kai gida lafiya.